Masu tafa wa taron dangi, ku nemi fim ɗin kaboyin nan na 1943

Ba a gama share hawayen Uromi ba, inda aka kashe mafarauta 16 a watan Maris na 2025 suna kan hanyarsu ta zuwa Kano yin Sallah, sai ga wasu daga cikin waɗanda suka fi kowa ɗaga murya a lokacin su ne kuma ke tura bidiyon matashin da aka kama da zargin ƙwacen waya, an yi masa taron dangi, suna rubuta "maganinsu ke nan" a ƙasa. Ka yi magana a ce maka ai ba a taɓa daɓa wa ƙaninka wuƙa a kan waya ba. Daga nan sai a jawo maka hujjar da kowa ya haddace: ka kai ɓarawo wurin hukuma da safe, da yamma ka gan shi a bakin layi yana shan rake.

Wannan hujja tsohuwa ce, kuma ban san inda aka yi mata tsirara kamar a cikin wani fim ɗin kaboyi mai suna The Ox-Bow Incident ba, wanda kamfanin Fox ya fitar a 1943. Wanda ya taso yana shiga Rex ko Plaza a Kano ya san yadda fim ɗin kaboyi yake tafiya: jarumi ya hau doki, ya bi sawun 'yan fashi, ya harbe su, 'yan kallo su yi tafi. Wannan kuwa ya bi ta wata hanyar. Baƙi da fari ne, tsawonsa minti 75 kacal, kuɗin da aka kashe masa bai kai dala 600,000 ba. Shugaban sashen shirya finafinai na kamfanin, Darryl Zanuck, bai ga alamar riba a cikinsa ba, sai da darakta William Wellman ya yarda zai yi masa wasu finafinai biyu kafin ya sa hannu. Saboda ƙarancin kuɗi, yawancin dajin da ake gani a fim ɗin a cikin ɗakin ɗaukar hoto aka haɗa shi, har kana iya gane cewa sararin saman fenti ne. Wannan talaucin shi ya ƙara masa ƙarfi. Babu faffadan filin da ido zai huta a kai, sai fuskokin mutane cunkushe a gindin bishiya guda, da igiyoyi uku suna reto.

Labarin a jihar Nevada yake, a 1885, daga littafin da Walter Van Tilburg Clark ya wallafa a 1940. Satar shanu ta addabi wani ƙaramin gari, Bridger's Wells. Wani yaro ya shigo a sukwane ya ce an kashe makiyayi Larry Kinkaid an kore masa shanu. Shi yaron bai ga gawa ba, ji ya yi. Babu wanda ya ce a je gidan Kinkaid a duba. Sherif, wato babban jami'in tsaron yankin, ba ya gari, sai mataimakinsa ya rantsar da mutane a matsayin jami'ai alhali doka ba ta ba shi wannan ikon ba. Alƙalin garin ya ce duk wanda suka kama su dawo da shi a yi masa shari'a, suka ji ta bayan kunne. Cikin dare suka tarar da mutum uku suna barci a bakin wuta: Donald Martin mai mata da 'ya'ya biyu, da wani ɗan Meziko, da wani tsoho da hankalinsa ya fara gushewa.

Ku dubi hujjojin da aka kama su da su, domin a nan maganar take. Akwai shanu kusan 50 masu tambarin Kinkaid, Martin ya ce saya ya yi amma ba a ba shi takardar ciniki ba. Akwai bindigar Kinkaid a hannun ɗan Mezikon, ya ce tsinta ya yi a hanya. Wane ne a cikinmu ba zai ce an kama ɓarayi dumu-dumu ba? Fim ɗin bai sauƙaƙa wa mai kallo ba, ya sa shi ma ya yi zargi. Martin abu ɗaya ya roƙa, a tura mutum ya je ya tambayo, ko a kai su gari. Tafiyar 'yan sa'o'i ce. Aka ce babu lokaci. Amma an sami lokacin zama a ci abinci a sha giya ana jiran asuba, wani mashayi yana ta wasa da igiya a wuyansa yana kwaikwayon wanda aka rataye, ana dariya. Da aka ce wanda bai yarda ba ya koma gefe, mutum bakwai ne suka fita, ciki har da Gil Carter wanda Henry Fonda ya fito a matsayinsa, da wani baƙar fata mai wa'azi da ya ce yana yaro ya ga an rataye ɗan'uwansa. Gari na wayewa aka rataye mutanen uku. Suna kan hanyar komawa suka haɗu da sherif, ya ce musu Kinkaid yana raye, likita na duba shi, kuma waɗanda suka harbe shi suna hannu.

Masu cewa gazawar hukuma ce ke haifar da ɗaukar doka a hannu, rabin gaskiya suka faɗa suka ɓoye rabi. A Bridger's Wells akwai alƙali, akwai sherif, akwai kurkuku. Abin da ya ja ragamar taron daban ne. Jagoransu, Manjo Tetley, ya sanyo kakin sojan Kudu na yaƙin basasar Amurka, shekara 20 bayan an gama yaƙin, har ana shakkar ko ya taɓa zuwa fagen daga. Shanun Kinkaid ba su dame shi ba. So yake ya nuna shi ne namijin garin, ya kuma tilasta wa ɗansa mai sanyin hali ya sa hannu a kisa wai don ya zama namiji. Wani abokin Kinkaid ne, fushi ya rufe masa ido. Wasu zaman banza ya ishe su, sun sami abin kallo. Shi kansa Carter ya bi ayarin ne don kada a ce baƙo ne a fara zarginsa. Ku koma ku kalli bidiyon da kuke turawa, ku cire wanda aka ƙwace wa waya in ma yana wurin, ku faɗa mini su wane ne sauran. Mai ɗaga waya yana ɗauka yana dariya, shi ma gazawar kotu ce ta dame shi?

A Uromi bindigogin farauta aka gani a cikin mota, aka ce masu garkuwa da mutane ne. A Aluu, a 2012, ihun ɓarawo aka yi wa ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal. Ƙungiyar Amnesty ta ƙirga sama da mutum 500 da taron jama'a ya kashe a Najeriya tsakanin 2012 da 2023. Duk wanda ya yarda a kashe wanda ake zargi a unguwarsu saboda "an gan shi da wuƙa", ya riga ya ba mutanen Uromi hujjarsu, domin su ma cewa suka yi sun gani da idonsu. Ba za ka riƙe ɗaya ka yi tir da ɗaya ba, sai dai idan abin da ke damunka shi ne ƙabilar mamacin.

Za a ce fim ne kawai, kuma na Turawa. Wannan maganar wanda bai kalla ba ce. Fonda yana da shekara 14 a 1919 lokacin da mahaifinsa ya tsayar da shi a tagar maɗaba'arsa a birnin Omaha, ya ga yadda taron fararen fata ya rataye wani baƙar fata, Will Brown. Cibiyar Tuskegee ta lissafa mutum 4,743 da aka kashe ta wannan hanya a Amurka daga 1882 zuwa 1968, 3,446 daga cikinsu baƙaƙen fata. Sai a 2022 ƙasar ta iya kafa dokar tarayya a kan irin wannan kisa. Waɗanda suka yi fim ɗin sun san abin da suke magana a kai, shi ya sa bai yi kasuwa ba lokacin da ya fito, ana tsakiyar yaƙin duniya mutane na neman abin da zai yabi jarumtarsu. Duk da haka ya shiga takarar Oscar ta fim mafi kyau, kuma a 1998 aka sa shi cikin kundin finafinan da Amurka ke adanawa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu lulluɓe wannan ɗabi'a da rigar addini. A wane littafin fiƙihu aka ce 'yan unguwa su tsayar da haddi a bakin kwata? Malamanmu sun karantar da mu cewa hukunci na alƙali ne, kuma ana kawar da haddi idan akwai shubuha. A fim ɗin, bayan aikin gama ya gama, mutanen sun koma mashaya suka yi karo-karo na dala 500 don matar Martin, Carter ya karanta musu wasiƙar da mamacin ya rubuta mata kafin a rataye shi, kowa ya sunkuyar da kai. Tetley ya shige gida ya harbe kansa. Mu a nan ko sunkuyar da kan ba a yi, sai a nemi bidiyo na gaba.

Ban ce a ƙyale masu ƙwacen waya ba. A kama su, a yi musu shari'a cikin makonni, a daina sakinsu ta bayan gida. Amma duk fuskar da ta fito a bidiyon taron dangi ita ma a nemo ta, tunda sun taimaka sun ɗauki kansu da kansu. Su kuma masu fassara mana finafinan Indiya masu sa'a uku-uku, ga aikin minti 75 nan yana jiransu, gidajen kallo ba za su rasa wurin sa shi ba tsakanin wasan ƙwallo biyu.