Wai "neman suna" ne ya kai Rostropovich jikin katangar Berlin

A'a wallahi wannan karon ba zan yi shiru ba. Tun da bidiyon tsohon nan Mstislav Rostropovich, shahararren makaɗin Rasha, ya sake zagayowa, wanda yake zaune kan kujera a gindin katangar Berlin da ta raba ɓangaren Sobiyet da na Yamma, ya rungume celo, wato ƙaton gogen Turawa, tsakanin gwiwoyinsa yana gogawa, sai ga malaman waya sun fito kowa da fatawarsa, wai neman suna ne, wai ya hango 'yan jarida sun taru shi ne ya kwaso ƙaton gogensa daga Faris don a ɗauke shi hoto. Wani ma har da dariya wai baba kwantent yake haɗawa. Sannunku da bincike, Allah ya ƙara basira.

Sunan me zai nema? Mutumin da aka ba lambar yabo ta Stalin tun 1951 yana ɗan ashirin da 'yan kai, aka ƙara masa ta Lenin a 1964. Mutumin da Shostakovich, babban mai tsara kiɗa na Sobiyet, da kansa ya zauna ya rubuta masa kiɗa na musamman a 1959, ya karɓa ya haddace shi tas cikin kwana 4 ya koma ya kaɗa masa ba takarda a gabansa. Prokofiev ya rubuta masa, Britten na Ingila ya rubuta masa, sababbin kiɗe-kiɗe sama da 100 shi ya fara kaɗa su a duniya. Wannan ne zai je tsakar sanyin Nuwamba yana roƙon kyamara?

Ku dai ba ku san abun da ya biya ba kafin ya zauna a kujerar nan, shi ya sa. A Tarayyar Sobiyet shi ɗan gata ne fa, ga gida a Mosko ga gidan hutu a bayan gari, ga fasfo yana yawo duniya lokacin da sauran jama'a ko leƙa waje ba sa iyawa, matarsa Galina Vishnevskaya ita ce tauraruwar waƙa a Bolshoi, babban zauren wasanni na Mosko. Ba abun da ya rasa. Sai a 1969 ya ɗauko Solzhenitsyn, marubucin da gwamnati ta sa wa ƙahon zuƙa, wanda abokai suka fara tsallake titi in sun hango shi, ya ajiye shi a gidansa na Zhukovka kusan shekara 4. Aka ce ya kore shi ya ce ba inda za shi. Da aka ba marubucin Nobel a 1970 jaridun gwamnati suka yi masa ca, shi kuma Rostropovich maimakon ya ja bakinsa ya tsuke sai ya ɗauki alƙalami ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa jaridar Pravda da sauransu yana kare shi. Ba su buga ba mana, amma ta fita waje, kuma daga ranar aka fara yi masa yankan ƙauna, tafiye-tafiyen waje aka soke, manyan zaurukan Mosko aka rufe masa ƙofa, aka koma tura shi ƙananan garuruwa, har sai da ya tattara iyalinsa ya bar ƙasar a 1974. A 1978 suna Faris suka ji a labarai cewa an ƙwace musu zama 'yan ƙasa, shi da matar duka.

To lissafa. Ranar da kuke gani a bidiyon, 11 ga Nuwamba 1989, daidai lokacin da aka buɗe katangar, shekararsa 15 rabonsa da gida, shekara 11 ba shi da ƙasa. Katangar nan a tsakiyar rayuwarsa aka gina ta, aikinsa da 'ya'yansa a wannan ɓangaren, malamansa da kaburburan iyayensa a wancan. Ya biya kuɗin kujerar nan tun kafin a haifi yawancin masu yi masa dariya.

Na san me za ku ce. Ai jirgin abokinsa attajiri mai kamfanin Danone ya hau ya je. To sai me, da jaki kuke so ya hau? Ai a Amurka ma an ba shi shugabancin ƙungiyar makaɗa ta Washinton tun 1977, bai sha wahala ba. Eh bai kwana da yunwa ba, amma wanda bai taɓa zaman da ko jana'izar nasa ba zai iya zuwa ba, ya daina auna gudun hijira da abinci. Ai daga baya ya yi ɗasawa da shugaban Rasha Yeltsin, har Putin ya shirya masa bikin cika 80 a Kremlin. Wannan ku je ku yi muhawararsa, ni ma ban ce waliyyi ne ba, amma ba ita ce maganar da kuka fara ba, ku cewa kuka yi neman suna.

Kuma abun da ya fi ƙona min rai, mai neman suna inda ba hatsari yake zuwa. A Agustan 1991 da sojoji suka fito da tankoki don juyin mulki a Mosko, mutumin nan yana da shekara 64 ya hau jirgi ya sauka ko biza babu, ya shige ginin majalisa cikin masu kare shi, ba wanda ya san ko za a wayi gari da rai. Akwai hoton nan da yake zaune riƙe da bindiga, saurayin da aka ce ya tsare shi ya ɓingire da barci a kafaɗarsa. Wannan ma kwantent ne ko? Tsakani da Allah duk sanda na ga hoton nan jikina sanyi yake yi, don babu kiɗa a ciki babu tafi, tsoho ne kawai da ya ƙi a sake rufe ƙofar da ya sha wuya kafin a buɗe.

Ya rasu 27 ga Afrilu 2007, an binne shi a Mosko ɗin da aka kore shi.

Af, ga wanda ya tambaya game da celonsa mai tsadar nan. Shahararren nasa aikin Stradivari ne, gwanin ƙera goge na Italiya, ƙirar 1711 da ake kira Duport, kuma akwai wani ɗan tabo a jikinsa da ake cewa Napoleon ne ya yi shi da takalminsa ranar da ya ce a ba shi ya gwada. Ni dai mai celon na wancan zamanin nake jin haushi, kai da sana'arka soja ya ce miƙo sai ka miƙa?