Sun iya ɗaura babbar taya, gyaran maleji kuwa sai Allah

Ina so wani ya faɗa mini tsakani da Allah: daga Gumel zuwa Maigatari, ka juyo ka gangara har Haɗeja, wane gareji ne mutum zai shiga ya ce an sa wa motata manyan tayoyi, a daidaita mini maleji, kuma a daidaita masa? Ni dai na nema har ƙafata ta gaji. Mai sayar da taya yana nan, mai faci yana nan, mai ƙara wa mota sifirin yana nan, kowa hannunsa a buɗe yake wajen karɓar kuɗi. Amma ranar da ka dawo ka ce allurar malejin nan ta daina faɗin gaskiya, sai a riƙa kallonka kamar ka zo da wata sabuwar bidi'a.

Ba don gayu muke sa manyan tayoyi ba, wannan kowa ya sani. Duk mai Golf ɗin da ke shiga ƙauyukanmu ya san abin da hanya ke yi wa mota. Ka bar kwalta ka hau burji, burjin ya ƙare ka faɗa yashi, ga buhunan riɗi da zoɓo a baya, ga fasinja huɗu a kujerar baya biyu a gaba. Cikin mota na sharar ƙasa. Yau salansa ta tsinke, gobe dutse ya fasa ƙasan injin baƙin mai ya tsiyaye a daji. Da damina kuwa ba a magana. To idan mutum ya gaji da walda, sai a ba shi shawarar da ake ba kowa: a ɗaga motar.

Tawa ta zo da taya mai lamba 185/60 R14. Mai tayar da na je wurinsa ya mirgino mini 195/70 R14, ya buga ta da tafin hannu ya ce, "Alhaji, wannan ita ce maganin hanyarku. Wili ɗaya ne, ba sai ka canza komai ba." Ba sai ka canza komai ba! Wannan maganar ce ta fi ƙona mini rai, domin ko dai bai san sana'arsa ba, ko kuwa ya sani ya yi shiru don kada ciniki ya ɓaci.

Lambobin nan da ke jikin taya ba ado ba ne. Ta farko faɗin taya ce a milimita. Ta biyu tsawon gefenta ne, kaso nawa ne na faɗin. Ta ƙarshe girman wili ne a inci. Idan ka yi lissafi, tsohuwar tayata tsayinta daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 578 ne, sabuwar kuma kusan 629. Bambancin milimita 51 ke nan, kuma rabinsa kawai mota ke samu na ɗagawa, domin ɗaya rabin yana sama da tsakiyar wili. Wato duk wannan kuɗi da na zuba, motar ta tashi da santimita biyu da rabi ne, faɗin yatsu biyu ma da ƙyar. A ɗaya gefen kuma, duk juyi ɗaya da tayar za ta yi tana cin ƙasa da ƙarin santimita 16 a kan na da. Shi maleji ba ya ganin hanya. Juyi yake ƙirgawa, daga wata 'yar sensa da ke jikin giya, sai ya lissafa da girman tayar da kamfani ya san ya sa. Ba wanda ya sanar da shi an yi canji. Saboda haka a duk inda allura ta tsaya, motar tana gudu da ƙarin kusan kashi 9 cikin 100 a kan yadda take yi a da a daidai wannan wurin. Tamanin ta da ta koma kusan 87, ɗari ta koma kusan 109, ɗari da ashirin ta haura 130.

Wani zai ce ai dama malejin mota yana ɗan ƙari. Gaskiya ne. Ƙa'idar da masu ƙera motoci a Turai ke bi ta hana maleji ya nuna ƙasa da ainihin gudun mota, an yarda ya ɗan wuce sama amma ba a yarda ya gaza ba. Da gangan aka bar wannan 'yar tazarar don ta kare direba. To ita ce mai taya ya cinye mini, har ya tsallaka ɗaya gefen, ya sallame ni da "Allah ya tsare hanya."

Ɗan yayata da ke makaranta a Dutse ne ya fara nuna mini. Ya buɗe wata manhaja a wayarsa mai auna gudu ta tauraron ɗan'adam, muna kan kwalta miƙaƙƙiya, ya ce, "Kawu, dubi nan." Lambar da ke wayar ta wuce ta allura, kuma ina ƙara taka totur tazarar tana ƙara buɗewa. Kafin wannan, sau nawa wata tsohuwa za ta ce daga baya, "Ɗan nan, ka ji tsoron Allah ka rage gudu," direba ya nuna mata dashbod ya ce, "Iya, ga shi nan, tamanin kawai nake"? Ashe Iya ce mai gaskiya. Jikinta ya fi allurar sanin abin da ke faruwa.

Kada wani ya raina kashi tara. Nisan da mota ke ci bayan an taka birki ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ninkuwa yake yi: ƙarin kashi 9 a gudu yana jawo ƙarin sama da kashi 18 a nisan tsayawa. Ka sa wannan a hanyar Maigatari ranar Alhamis, ranar kasuwa, shanu na tsallaka titi, amalanke ba fitila, yara na bin mota da tallan ruwa, mai babur ya ɗauko akuya biyu ya fito daga lungu bai duba ba. Direban da ya shekara goma ƙafarsa ta saba da inda zai fara taka birki idan allura na kan ɗari, yau ya taka a wurin da ya saba, motar ta wuce da taku goma sha. Idan abin ya faru sai a ce tsautsayi ne. Na yarda da ƙaddara, amma wannan tsautsayin da sifana aka ɗaura shi.

Dokar hanya ta ce motar haya kada ta wuce 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 90 a tagwayen hanya. Tun 2017 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. To idan an saita na'urar da ƙaramar taya, daga baya aka ɗaura babba, ita ma ta shiga sahun maƙaryata, domin juyin take ƙirgawa. Ga kuma wata rigimar da ba a ma fara taɓawa ba: motocin da aka shigo da su daga Amurka, irin su Sienna, manyan lambobin malejinsu mil ne ba kilomita ba. Direba ya ce maka sittin yake, alhali sittin ɗin mil ta kusa kilomita 97, sannan a ɗora masa babbar taya a kai.

Aljihu ma bai tsira ba. Lambar da ke ƙirga nisan tafiya daga wuri ɗaya take sha da allura. Idan ta nuna ka yi kilomita 5,000, ka yi sama da 5,400. Wanda ke juyen baƙin mai da lissafin maleji kullum a makare yake bai sani ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowane mai mota ya koma malamin lissafi, lita nawa ta kai ni ina. Sai ka ga mai mota da direbansa suna ta cacar baki wajen balas, wannan ya ce maleji ya nuna tafiyar kaza ce kawai ina sauran man, wancan ya rantse da Allah bai sayar da ko ɗigo ba. Na san waɗanda suka rabu baram-baram a kan wannan, kuma babu ɓarawo a cikinsu. Mudu ne aka buga wa gindi, mai saye da mai sayarwa duk ba su sani ba. Ga shi kuma motar ta rage ja, sai ka daɗe a giya ta biyu kafin ta ɗauka, kuloci na ƙauri a cikin yashi, idan lodi ya yi nauyi tayar baya na gogar madigadi a kowane rami.

Yanzu ga inda raina ya ƙarasa ɓaci. Aka yi mini kwatancen wani mai wayarin a wani gari da ba zan ambata ba, aka ce shi ne gwanin dashbod. Na yi masa bayani dalla-dalla. Ya gyaɗa kai ya ce, "Baba, ƙaramin aiki ne, je ka sha shayi ka dawo." Ban tafi ba, na zauna a kan benci ina kallo. Ya kwance dashbod, ya cire gilashin, ya sa cokali mai yatsu, wallahi cokalin cin taliya, ya ɓamɓaro allurar daga kan ƙusarta, ya matsar da ita gaba kaɗan ya danna da babban yatsa. Ya hure ƙura, ya mayar da gilashi, ya ce an gama. Na biya. Da na tayar da mota, tana tsaye cik a gaban shagonsa, allura tana kan goma. Na ce, "Malam, motar da ba ta motsa ba take gudun goma?" Ya ce wai idan na hau titi za ta daidaita kanta.

Ba za ta daidaita ba, kuma ba sai an je jami'a za a gane dalili ba. Kuskuren da babbar taya ke kawowa kaso ne, yana girma da gudu: a arba'in bai kai huɗu ba, a ɗari ya kusa tara. Matsar da allura kuwa ƙari ɗaya ne tak a ko'ina. Ka gyara wuri ɗaya ka ɓata sauran duka, kuma lambar nisan tafiya tana nan da ƙaryarta ba abin da ya taɓa ta. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Da na shiga shagon, malejina ƙarya iri ɗaya yake yi wadda na san lissafinta. Da na fito, ya koma yin iri biyu.

Abin haushin shi ne gyaran na gaskiya sananne ne, ba sihiri ba. Tsofaffin motoci irin Fijo 504 da waya ke juya malejinsu, akwai wani ɗan haƙorin roba a jikin giya, sai a canza shi da mai adadin haƙoran da ya dace da sabuwar taya. Masu sensa irin tawa, akwai 'yar na'ura da ake haɗawa tsakanin sensa da dashbod, a saita ta ta ƙara kason da ya ɓace. Sababbin motoci da yawa kuma kwamfuta ake jona musu a shigar da girman tayar. Bayan an gama a hau titi da waya a gwada a hamsin, a gwada a tamanin, a ga ko sun yi daidai. Shi ke nan. Amma ka ambaci wannan na'urar a garejin ƙauye, sai a ce maka sai Kano, ka leƙa Ƙofar Ruwa ko za a dace. Wato in ajiye aikin yini guda, in ƙona mai zuwa da dawowa, in je neman abin da ban da tabbacin wanda zai ɗaura mini shi daidai idan na dawo.

Kuma ina shugabannin tasha? Kullum ana yankar mana rasit, ana karɓar kuɗin ƙungiya, ɗan kamasho ya cire nasa kafin mota ta tashi. A cikin wannan kuɗin ba za a iya ɗaukar yaro ɗaya mai kai a tura shi birni ya koyo saitin maleji ba? Rabin motocin da ke layi tayoyinsu sun fi na asali girma, da ido ma za ka gani. Da yawa kuma allurar ta mutu gaba ɗaya, tana kwance a sifili tun zamanin da aka sayo motar, an manna hoton wani malami ko ɗan siyasa a kanta. Ka yi magana a ce maka, "Direban ƙwarai da kunne yake tuƙi." To kunnen ma ai ƙarar inji yake saurare, kuma babbar taya ta sa inji yana yin ƙasa da murya a gudun da ya fi na da. Kunnen ma an yaudare shi.

Ban ce a hana sa manyan tayoyi ba. Wanda zai hana, ya fara zuwa ya zuba mana kwalta tukuna. Abin da nake cewa, mai taya ya buɗe baki ya faɗa wa mai saye cewa malejinsa zai ragu da kaza, ko da hakan zai sa ya fasa. Mai wayarin da bai iya ba ya ce bai iya ba, ba abin kunya ba ne, ya fi ya ɗauko cokali. Masu faci da ke zaune a bakin kowace tasha su koyi karanta lambar da ke jikin abin da suke ci da shi.

Na koma wurin mai wayarin na ce ya mayar mini da allurata inda ya same ta, ya ba ni kuɗina. Ya ce mayarwar ma aiki ce, sai na sake biya, domin sai ya sake kwance dashbod. Kuɗin farko kuwa wai ya riga ya shiga, in yi haƙuri. Da na ɗaga murya, maƙwabtansa suka taru suna ba ni baki, "Haba Alhaji, girmanka ne, a kan allura?" Ya ce in dawo bayan kasuwa yanzu yana da aiki a gabansa, kuma aikin da ke gaban nasa dashbod ɗin wata motar haya ce mai ɗaukar mutum goma sha takwas.