Firiza ta biyu: tattali ne ko sabon ramin zuba kuɗi?

Shekaranjiya da daddare ƙanwata ta kira ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Yaya, don Allah ki faɗa min gaskiya, firizar nan da kika saya ta biya ki?" Suna da firji mai ɗan ɗakin ƙanƙara a sama, amma kwana biyu hankalinta ya karkata ga babbar firiza ta daban, wai don ta riƙa sarin nama da kaji idan an samu rangwame. Na yi ɗan jim kafin in ba ta amsa, domin amsar ba ta "eh" ko "a'a" ba ce. Shekara shida ke nan da tawa, kuma in za a bi gaskiya, a shekarar farko ita ta ci ni, ba ni na ci moriyarta ba.

Abin da na yi imani da shi yanzu shi ne, firiza ba ta tara wa kowa ko sisi. Akwati ce da ke shan wuta dare da rana, ko kina barci ko kin yi tafiya. Iyakacin aikinta ta riƙe miki abinci har ranar da kika shirya cinsa. Ribar tana wurin mai ita: me ta sa a ciki, a nawa ta saye shi, kuma ta cinye shi ko ta manta da shi.

Ni mantawa na yi. Watannin farko wani irin zumuɗi ya kama ni, duk abin da na gani da sauƙi sai in kwaso in danna. Ganin firiza a cike yana sa mutum ya ji kamar ya gama da talauci. Ranar da na tashi narkar da ƙanƙarar da ta taru a jikinta, kusan shekara guda bayan saye, na kife rabin jikina a ciki ina zaƙulo ledoji daga ƙasa. Akwai waɗanda na juya su gaba da baya ban gane ko nama ne ko kifi ba, sun yi fari fat, sun bushe kamar ɓawon itace. Akwai robar miya guda uku, babu suna babu kwanan wata. Na jera su a ƙasa ina kallo, kunya ta ishe ni ni kaɗai, don kowace leda a nan ranar da na saye ta na dawo gida ina yabon kaina da iya ciniki.

Ga lissafin da ban yi ba a lokacin. A ce sari ya rage miki kashi 10 cikin 100. Kin sayi leda goma a kuɗin tara. Idan ɗaya kacal ta lalace ko ta ɓace a ƙasan firiza, tara kika ci a kuɗin tara, an yi ba a yi ba. Kuma ba a sa kuɗin wuta ba tukuna, ba a sa kuɗin ita kanta firizar ba. Wannan kuɗin na saye mutane suna yawan tsallake shi, kamar daga sama ya faɗo. Ki ɗauka za ta yi miki shekara 10, sai ki raba farashinta gida 120, ki ɗora kuɗin wutarta na wata a kai. Abin da ya fito, shi ne hayar da kike biyan akwatin nan duk wata. Idan abin da kike ragewa ta dalilinta bai haura wannan ba, to jin daɗi kika saya, kuma babu laifi mutum ya sayi jin daɗi, amma kada a kira shi tsimi.

Batun wutar ya danganta da irin wadda aka saya. Iri biyu ne: mai buɗewa ta sama kamar adaka, da mai tsayuwa kamar firji. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, shi ya sa idan aka buɗe mai tsayuwa sanyin yake zubowa ƙasa, har ki ji shi a ƙafafunki, a mai adaka kuwa yana nan kwance a ciki kamar ruwa a kwano. A ƙididdigar Energy Star, shirin Amurka mai tantance kayan da ba sa cin wuta da yawa, mai adaka da ta cika sharuɗɗansu tana cin kusan yunit 215 na wuta a shekara, mai tsayuwa kusan 395. Wato ɗaya wajen yunit 18 a wata, ɗayar wajen 33. Yawancin masu tsayuwa na yanzu suna narkar da ƙanƙararsu da kansu, da wata 'yar waya mai zafi da ke kunnuwa lokaci zuwa lokaci, to wannan sauƙin ma da wuta ake biyansa. Sai dai fa mai adaka ita ce uwar ɓoye kaya. Abin da ya gangara ƙasa sai an yi haƙa. Ta fi arahar wuta, ta kuma fi saurin binne abinci, kowa sai ya duba halinsa ya ga wace asarar ce ta fi kusa da shi.

Waɗancan alƙaluma kuma na gwaji ne a ɗaki mai matsakaicin yanayi. Aka ajiye ta inda rana ke dukanta, ko kusa da murhu, ko aka manna ta da bango babu inda zafin bayanta zai fita, injin zai yi ta gurnani ba hutu. A jikin takardar da ke manne da ita akwai wasu haruffa da kusan babu mai dubawa: N na nufin an yi ta don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, ST har 38, T har 43. Wanda ke wuri mai zafi ya sayi N don ta fi sauƙi, injin zai wahala, mita ta yi gudu.

Sai tsohuwa ta hannu, wadda masu tsimi irina suka fi kwaɗayi. Araha ba ta ado. Robar bakin murfin ta saki, abin da ke tare sanyi a cikin bangonta ya sha danshi, injin na zamanin da ba a damu da cin wuta ba. In ta tsufa sosai ma kina iya tarar da tana amfani da tsohon gas ɗin sanyayawa mai suna R12, wanda aka daina ƙerawa bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, ranar da ya zube sai an sha wahalar gyara. Gwajin robar mai sauƙi ne: ki sa takarda a bakin, ki rufe, ki ja. In ta zaro salin alin, sanyi ma haka yake fita.

Yanzu abincin kansa. Mutane da yawa sun ɗauka abin da ya shiga firiza ya shiga ke nan har abada. A digiri 18 ƙasa da sifili ƙwayoyin cuta ba sa hayayyafa, gaskiya ne, amma ba mutuwa suke yi ba, kwanciya suke, da abu ya narke su farka su ci gaba daga inda suka tsaya. Sannan rashin cutarwa daban, daɗi daban. Niƙaƙƙen nama wata 3 zuwa 4 ne yake riƙe ɗanɗanonsa. Kifi mai maiƙo wata 2 zuwa 3, don mansa yana canza wari ko a cikin sanyi. Miya da sauran dafaffen abinci mai ruwa su ma wajen wata 2 zuwa 3. Kaza guda da ba a yanyanka ba tana iya kai shekara. Farin nan da na gani a ledojina, ƙanƙarar da ke cikin naman ce ta riƙa tashi tana bin iska ba tare da ta zama ruwa ba, ta bar wurin a bushe. Ba guba ba ne, amma ki dafa shi yini guda, kamar kina tauna igiya. Maganinsa a matse iska daga leda kafin a ɗaure.

Wani ɗan Amurka, Clarence Birdseye, ya zauna a Labrador ta ƙasar Kanada, ya ga yadda 'yan Inuit, mutanen asalin yankin, ke fito da kifi daga ruwa ya daskare nan take saboda tsananin sanyi, kuma bayan watanni in an narkar da shi kamar sabo. Daga nan ya gano cewa saurin daskarewa ne sirrin: ƙanƙara in ta kama da sauri ƙanana take fitowa, in ta kama a hankali sai ta yi manyan tsinaye masu farfasa tsokar. A 1930 aka fara sayar da daskararren abinci da sunansa a shaguna. Na kawo shi ne don abin da muke yi ranar sari kishiyar wannan ne. Mu zo da kilo ashirin mu jibge lokaci ɗaya cikin manyan ƙulli, na tsakiya ya kwana biyu bai daskare ba, ya kuma ɗumama na kusa da shi. Ƙa'idar da ake bayarwa ita ce kusan kilo ɗaya na sabon kaya ga kowace lita 30 ta girman firiza a yini guda, kuma a shimfiɗa shi falan-falan. Ga kuma abubuwan da ba sa son ta sam: kokwamba, latas, ɗanyen dankali, ƙwai da ɓawonsa. Ganyayyaki kuwa sai an ɗan tsoma su a tafasasshen ruwa an sanyaya, in ba haka ba launi da ɗanɗano su gudu.

Akwai wata asarar da ba ta fitowa a kowane lissafi, kuma na fi jin haushinta. Idan nama yana nan jibge, hannu yana sakewa. Inda da nake sa tsoka huɗu sai na koma shida, don ai akwai. Abin da aka saya na wata uku ya ƙare a wata biyu, kowa ya ji daɗi, amma aljihu bai ga komai ba.

Babban haɗarin shi ne tara dukiya wuri ɗaya. Firiza a cike, in ba a buɗe ta ba, tana riƙe sanyi kusan awa 48 bayan wuta ta ɗauke. In rabi ce, kusan 24. Abin da ya narke gaba ɗaya ya wuce awa biyu sama da digiri 4 ko 5, musamman nama da kifi da kaza, bola ce makomarsa, komai kyansa a ido. Wanda ke da sauran ƙanƙara a jikinsa ana iya mayar da shi. Ni ba ɗaukewar wuta ce ta kayar da ni ba. Wani a gidan ya zare filoginta ya jona abin guga, ya gama ya tafi abinsa. Kwana huɗu babu wanda ya leƙa. Wari ne ya sanar da mu. Ruwan jini ya kwanta a ƙasanta, na yi kwana biyu ina wanki da goge-goge, kuma ribar da na tara ta wajen shekara ta tafi a tashi ɗaya. Tun daga ranar ta samu soket nata ita kaɗai, na naɗe shi da salatif. Duk wanda wutarsa ba ta da tabbas, ya sa kuɗin janareta ko batir cikin hayar da na faɗa, sannan ya sake duba lissafin, don sau da yawa a nan maganar take mutuwa.

To me ya sa ban sayar da ita ba? Don daga baya na gano inda ribar take, kuma ba a sari ba ne kamar yadda na zata. A dafaffen abinci take. Ina girki ninki biyu, a ci rabi, rabi ya shiga ƙananan robobi da suna da kwanan wata. Ranar da na dawo a gajiye, ranar da a da sai dai a aika a sayo na waje, sai in ɗauko ɗaya in ɗumama. Ragowar da a da ke kwana uku a firji ta tafi bola, yanzu tana zama abincin rana na wani makon. Burodin da zai yi fumfuna, ayabar da ta nuna ta wuce, romon ƙashi, duk suna da wurin zuwa. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce abincin da aka zubar a duniya a 2022 ya haura tan biliyan ɗaya, kuma kusan kashi 60 cikin 100 daga gidaje ya fito. Da na karanta ban yi mamaki ba, na san abin da ke cikin bolata. Amma a lura, yawancin wannan aikin ɗan ɗakin ƙanƙarar da ke saman firji ma zai iya yinsa, in an gyara shi.

Waɗanda nake ganin ta biya su babu ja-in-ja su ne gida mai baki da yawa, da mai lambu ko kiwo da kaya ke zo masa lokaci guda fiye da cinsa, da wanda kasuwa ta yi masa nisa har kuɗin zuwa da dawowa ya zama abin lissafi, da waɗanda ke haɗa kuɗi su sayi dabba guda su raba. Mutum biyu ko uku da ke kusa da kasuwa, ban ga dalili ba. Kuma ko za a saya, a sayi ƙarama. Lita 100 tana ɗaukar kusan kilo 50 na nama a ƙulle, ki tsaya ki tuna wata nawa gidanki zai yi kafin ya cinye kilo 50. Babba ko dai ta zauna rabi babu komai kina sanyaya iska, ko ta matsa miki ki yi ta sayen abin da ba kya buƙata don ki cika ta.

Abin da na ce wa ƙanwata shi ne ta ba ni wata uku. Ta kwashe duk abin da ke ɗakin ƙanƙarar firjinta, ta cinye na ci, ta zubar da na zubarwa, ta manna takarda a ƙofa tana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Duk ranar da ta ga araha ta gaske ta bari don rashin wuri, ta rubuta nawa ta rasa. Bayan wata ukun mu haɗa, mu gwada da hayar firiza. Ta ce, "Yaya, ai wurin a cike yake maƙil, shi ya sa nake son ƙari." Na ce to me da me ke ciki? Ta ce bari ta duba. Ina jin ƙarar ledoji ta waya, can ta ce ta ga wata ƙullalliya a lungu, ba ta san ko mene ne ba, amma tana jin tun kafin ta haihu take nan. Yaron yanzu yana tafiya.