Allurar insulin ba ita ke lalata ƙoda ba

Wallahi maganar nan tana damuna, wai duk wanda aka fara yi wa allurar insulin to ciwon sugansa ya kai ƙarshe, kuma ita ke lalata ƙoda. Na gane tsoron, sau da yawa sai ciwo ya yi nisa ake farawa, sai a ɗora mata laifi. Amma fa jikinmu da kansa ke yin insulin a fankiriyas, wata gaɓa da ke cikin ciki bayan tumbi, insulin ɗin ce ke shigar da suga daga jini cikin tsoka ya zama ƙarfi, in ta yi ƙaranci ko jiki ya daina jin ta sai suga ya taru a jini, wannan taruwar ce ke cin ƙoda da ido a hankali. Mai ciki ma in suganta ya hau ana ba ta, kuma da yawa suna dainawa bayan haihuwa.