Doka ta ce a biya kuɗin jinyar wanda ya shiga gwajin magani, kamfanin inshora yana jan ƙafa har a rufe ƙofa

Tun ranar 1 ga Janairun 2014, dokar kiwon lafiya ta Amurka, wadda Shugaba Obama ya sa wa hannu a 2010, ta haramta wa kamfanonin inshora su juya wa mai ciwon daji ko wata cuta mai barazana ga rai baya don kawai ya shiga gwajin sabon magani da hukuma ta amince da shi. An raba nauyin a fili. Masu gudanar da gwajin ne ke ba da sabon maganin da duk binciken da ake yi domin tattara bayanansu kaɗai, shi kuma kamfanin inshora ya biya abin da dama zai biya ko da babu gwaji, wato ganin likita, awon jini, ɗaukar hoto, kwanciya a asibiti da jinyar illolin da maganin ya haifar. Babu abin da ke da wuyar ganewa a nan, amma kamfanin da ake cire wa kuɗi daga albashin yayata duk wata ya nuna mana cewa rubuta doka daban, cin moriyarta daban.

Yaya tana fama da ciwon dajin mama wanda ya daina jin magungunan da aka saba bayarwa, sai likitarta ta samo mata gurbi a wani gwaji da ake yi a babban asibitin wata jami'a. Sharaɗin shiga shi ne a yi mata sabon hoton ƙirji da ciki da awon jini cikin 'yan makonni kafin a fara ba ta maganin. Irin wannan hoton an sha yi mata a baya, kamfanin ya biya ba tare da ko tari ba. Da sunan gwaji ya bayyana a takardar neman izini, sai ga wasiƙa mai shafi ɗaya wai wannan magani ne na gwaji, ba ya cikin abin da suke ɗaukar nauyi. Wane magani? Hoto muka nema! Na buga waya, aka bar ni da kiɗa a kunne, wannan ya miƙa ni ga wancan, kowa sai ya sake tambayar lambar kati da ranar haihuwa, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya yarda shi ne ya yanke hukuncin.

Da likitar ta rubuta musu ta kawo sashen dokar, sai suka sauya hujja, suka ce asibitin ba ya cikin jerin waɗanda suka ƙulla yarjejeniya da su. Abin takaici, a nan suna da madafa, domin dokar ba ta tilasta wa kamfani ya biya asibitin da ke wajen jerinsa ba, sai idan tsarin da mutum ya saya dama ya tanadi hakan. To amma gwajin maganin ciwon daji ba a kowane asibitin unguwa ake yin sa ba, yawanci a manyan cibiyoyin bincike yake, waɗanda kamfanonin ke gudu saboda tsada. Majalisar da ta rubuta wannan ta ba mu da hannun dama ta karɓe da na hagu.

Za a ce ai akwai ɗaukaka ƙara, kuma gaskiya ne: mutum yana da kwana 180 ya ƙalubalanci hukuncin, idan kuma lamarin gaggawa ne wajibi ne a ba shi amsa cikin awa 72. Sai dai wa zai bi wannan sawu? Matar da ko lomar tuwo ba ta iya riƙewa a cikinta ce za ta zauna tana cike takardu tana neman sa hannun likitoci? Kuma gurbin gwaji ba ya jiran kowa. Adadin marasa lafiyar da ake buƙata ƙayyadadde ne, idan wa'adin hoton ya wuce sai an sake daga farko, idan gurbi ya cika an rufe ke nan. Saboda haka kamfanin ba ya ma buƙatar ya yi nasara a gardamar, jinkiri kawai ya ishe shi, kuma ni ban yarda ba su san da haka ba.

Ramukan ba su tsaya nan ba. Tsofaffin tsare-tsaren inshora da suka riga ranar 23 ga Maris 2010 kuma ba a yi musu babban sauyi ba, wannan sashe bai hau kansu ba. Tsofaffi masu inshorar gwamnati ta Medicare sun sami wannan kariya tun shekarar 2000 a zamanin Clinton, amma talakawa masu inshorar gwamnati ta Medicaid sai a Janairun 2022 dokar tarayya ta tuna da su. Kuɗin mai, masauki da ranakun aikin da mai rakiya ya rasa kuwa, dokar ba ta ɗora wa kamfanin ko sisi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wahalar da muka sha kafin dangi su amince. Mu mutanen Kano ne, kuma babu wanda ya manta da gwajin maganin Trovan na 1996 lokacin annobar sanƙarau, inda yara 11 cikin 200 suka rasu. Hajiya cewa ta yi ba za a yi gwaji da 'yarta ba, sai da muka karanta mata takardar amincewa layi-layi a waya sannan ta sa albarka.

Yanzu mun kai kuka ofishin kula da inshora na jiharmu, sun ce ba huruminsu ba ne, wai tun da wurin aikin Yaya ne ke biyan kuɗin jinyar ma'aikatansa daga aljihunsa, sai mu nufi Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya. Can ɗin ma za mu je, kuma duk wasiƙar da suka aiko da sunan duk wanda na yi magana da shi suna rubuce a wurina.