Saƙo ga mai tsani

Labari ya iso mini cewa jiya, a gaban ɗalibai, wani ya kira bajen kolin da muka shirya tarkace marar tsari, saboda mun ajiye kayan kowace al'umma wuri guda tare da bayanin masu kayan. Ba zan kama suna ba, domin duk wanda ya zauna a kwamitin nan bara ya san inda maganar ta faro, kuma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Tsarin da yake taƙama da shi ba nasa ba ne. Na Janar Pitt Rivers ne, wani Baturen Ingila, wanda tarin kayansa ya zama gidan tarihi a Oxford a 1884, inda ake jera kibau da kibau, ganguna da ganguna, daga wanda aka raina zuwa wanda aka yaba, bisa ra'ayin su Tylor da Morgan, masu nazarin al'adun ɗan Adam na wancan zamani, cewa tsani ɗaya dukkan 'yan Adam suke hawa, Turai tana bisa, saura suna ƙasa. Mai jera al'ummomi a tsani bai taɓa ajiye kansa a matakin ƙasa ba.

Tun a 1887 Franz Boas, masanin al'adun ɗan Adam, ya ƙalubalanci Otis Mason, mai kula da kayan gidan tarihi a Amurka, kan irin wannan jeri, ya nuna cewa abu biyu kan yi kama a ido alhali ma'anarsu ta sha bamban: kacau-kacau ɗin da ake kaɗawa wajen ibada daban yake da wanda yaro ke wasa da shi. Na sani sarai cewa hanyar Boas, wato ajiye kayan kowace al'umma wuri guda, ita ma tana da aibi, domin takan daskarar da mutane cikin akwatin gilashi kamar ba su da yau. Shi ya sa muka nemi jikokin masu kayan su rubuta bayanin da kansu. Gidan Oxford ɗin da yake rantsuwa da shi ma, ko da bai bar jeri iri-iri ba, ya kawar da ƙyafaffun kawunan mutane daga idon jama'a a 2020.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne, shekara uku muna zama da mutanen nan muna sauraronsu, shi kuwa ko sau ɗaya bai taka ƙafa ba, amma har yana da bakin kiran muryarsu tarkace a gaban yaran da muke koyarwa. Malam mai tsani, ka zo zauren ranar Litinin ka nuna wa jikokin nan, ido da ido, matakin da ka ajiye kakanninsu, sannan ka nuna musu naka.