Wa ya ce ku taɓa min shafi ana saura kwana tara Sallah?

Ranar Talata bayan sallar asuba na buɗe shafin intanet ɗin da nake sayar da atamfa da shadda, sai na tarar da farin allo fes, da layi ɗaya na Turanci wai an samu babbar matsala. Ba hoto, ba farashi, ba wurin biyan kuɗi. Duk ɗan Kantin Kwari ya san abin da kwana tara kafin Sallah ke nufi.

Na rubuta wa kamfanin da nake biya duk shekara yana ajiye min shafin. Sai bayan awa shida suka amsa, wai in goge tarkacen burauzata, wato manhajar da nake buɗe shafi da ita, in sake gwadawa. Haba jama'a! Burauzata ce ta hana Hajiyar da ta kira ni daga Maraɗi ganin kaya?

Da na ga ba sarki sai Allah, na zage da kaina. Tun 2019 WordPress, manhajar da aka gina shafin da ita, kan aiko da imel mai hanyar shiga ta gaggawa idan fulogin (ƙaramar manhajar da ake ƙara wa shafi don wani aiki) ya faɗi, amma nawa bai iso ba. Na shiga cPanel, inda ake sarrafa fayilolin shafi, na sauya wa foldar fulogin da ke cikin wp-content suna don su mutu duka. Shafi ya tashi, amma tsirara, kamar shagon da aka kwashe kayansa. Na mayar da sunan, na dinga kunna su ɗaya bayan ɗaya, guda 17, ga wuta an ɗauke, ga data tana zurarewa ta waya. A na 12 allon ya sake yin fari. Na kunna WP_DEBUG, mai nuna inda kuskure yake, a cikin fayil ɗin saiti na wp-config.php, nan ɓarawon ya fito fili: wani tsohon fulogin na lissafin kuɗin aike yana kiran create_function, umarnin da aka cire daga PHP, yaren da WordPress ke aiki da shi, tun fitowar PHP 8 a 2020.

Ashe cikin dare mutanen kamfanin suka ɗauke ni daga PHP 7.4 suka kai ni 8, ko sallama babu.

Ni ban ce kada a sabunta ba. Na san tun Nuwamban 2022 aka daina toshe ɓarakar 7.4, kuma na yarda da nawa laifin, fulogin ɗin ya yi shekaru mai shi bai waiwaye shi ba, ni ma na yi ta ja da shi don yana aiki. Amma sanarwa fa? In lokacin biyan kuɗi ya matso, saƙo huɗu kuke turo min a mako guda, har da na tes. Ranar da za ku taɓa tukunyar abincina kuwa, kowa ya zama kurma.

Da na nemi su mayar min da ajiyar shafin ta daren Litinin, sai suka ce wannan sai na biya daban. Hajiya kuma turmi 40 take so, ta jira har la'asar, ta saya a wajen maƙwabcina.